Abin Da Ya Sa Tsohuwar Kwamfuta Take Ƙin Sabon Faifai

Masu tsayawa a gaban wannan allo sun lura cewa fitowa biyu da suka wuce da hannu muka rubuta su. Wasu har tsiya suka yi mana, wai kamar kaza ta taka tawada. Mun ji, kuma ba mu yi fushi ba. Dalili shi ne kwamfutar da muke buga labaranmu a kanta, wato mai lamba 3 a ɗakin kwamfuta, ta daina tashi tun farkon zango. Wannan da kuke karantawa yanzu a kanta muka buga shi. Darasinmu na yau a kan wahalar da muka sha ne kafin ta tashi, da abin da muka koya game da faifai da na'urar da ke karanta shi.

Kwamfutoci 10 ne a ɗakin, dukkansu na hannu ne, kuma dukkansu sun girme mu. A farkon zango 4 ne kawai suke aiki. Ajinmu mu 68 ne, ka ga ke nan mutum 17 a kan kwamfuta ɗaya. Kafin layi ya zo kanka an kaɗa ƙararrawa. Yayyenmu 'yan aji 3 sun fi mu shiga damuwa, domin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana gabansu, kuma kowa ya san jarrabawar JAMB da ke jiranmu nan gaba a kan kwamfuta ake yin ta. Akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta na minti biyar a jere ba.

Malamin kwamfuta ya duba guda 6 da suka tsaya. Ya ce 3 daga ciki wuta ce ta ƙona su, sai dai a ciri kayan jikinsu. Sauran 3 kuwa, wato lamba 3 da 6 da 9, jikinsu lafiya lau, babbar manhajarsu ce ta lalace saboda yawan ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Babbar manhaja ita ce wadda take tashi da zarar an kunna kwamfuta, ita take haɗa mutum da na'urar, kuma a kanta sauran manhajoji suke zama. Windows misali ce, Linux ma misali ce, haka Android da ke cikin wayoyin gidajenmu. Idan ta lalace, sai an sake ɗora wata daga waje. Malam ya ce yana da fayil ɗin Windows 7 a filashinsa, lasisi kuma yana hannun makaranta, amma waɗannan tsofaffin ba su iya tashi daga filashi ba, sai daga faifai.

Muka ce wannan ai mai sauƙi ne. 'Yan ƙungiya muka haɗa naira hamsin-hamsin daga kuɗin tara. Ranar Asabar mu uku muka je kasuwa wajen wani mai shagon kwamfuta, ya ɗura mana fayil ɗin a faifai sabo fil. Ranar Litinin bayan an tashi, aka tayar mana da janareta na rabin awa, don mai ya yi tsada. Malam ya nuna mana maɓallan da za mu danna, ya tafi taron malamai.

Muka saka faifan a lamba 3. Ya juya, 'yar fitilar gaba ta yi ta ƙyaftawa, sai shiru. Muka kai shi lamba 6. Wannan ta fi daɗewa tana gurnani, ta tsaya, ta sake ɗauka, daga ƙarshe ita ma ta yi shiru. Lamba 9 ko kallon faifan ba ta yi ba. Kwamfuta uku sun ƙi faifai ɗaya, me za ka ce? Muka yanke hukunci cewa an cuce mu.

Washegari muka koma shagon da fushinmu. Shugabar ƙungiya ta ce, "Baba, faifan da ka ba mu ba ya yi. Ko dai ka canza mana, ko ka maido mana da kuɗinmu." Mutumin bai ce komai ba. Ya karɓa, ya saka a tasa kwamfutar, ya kunna ta a gabanmu. Nan take ga tambarin Windows ya bayyana. Ya ce, "Yarana, faifai lafiyarsa ƙalau. Kun karanta abin da aka rubuta a goshin na'urar da kuka saka shi?" Muka kalli juna. Babu wanda ya karanta. Muka ba shi haƙuri, ya ce ba komai, mu je mu kwafo masa duk abin da ke rubuce a gaban kowace ɗaya. Da muka ba Malam labari ya yi dariya, ya ce shi ma bai duba ba. Ashe kowace kwamfuta da nata ciwon, ba iri ɗaya ba ne.

Lamba 3: idon da ba a yi shi don DVD ba

A goshin na'urar faifan lamba 3 tambarin CD ne kawai, sai lamba 52X. Babu DVD ko a kusurwa. Faifan da muka kawo kuwa DVD ne.

Abin da ya ruɗe mu shi ne CD da DVD kamarsu ɗaya. Faɗin kowanne santimita 12 ne, kaurinsa milimita 1.2, rami ɗaya a tsakiya, kuma kowanne yana zama daidai a farantin na'urar. Bambancin yana cikin rubutun da ido ba ya gani.

Ku tuna da faifan da iyayenmu mata suke rufe ƙwarya da shi. Mai saƙa daga tsakiya take farawa, tana naɗawa tana zagayawa har ta kai baki. To rubutun faifan kwamfuta haka yake: layi ɗaya ne tal, ya fara daga kusa da ramin tsakiya yana zagayawa zuwa waje. A kan layin akwai ƙananan ramuka da filaye a tsakaninsu. Na'urar tana haska layin da hasken leza, hasken ya dawo mata, ta bambanta inda rami yake da inda babu, ta mayar da wannan zuwa sifili da ɗaya, waɗanda su ne harshen kwamfuta. Da za a warware layin CD a miƙe shi, zai wuce kilomita 5.

Akwai faifai mai manyan saƙa, akwai mai ƙananan saƙa. Girmansu ɗaya, amma mai ƙananan ya fi cin kaba da zagaye. CD shi ne mai manyan saƙa, DVD mai ƙanana. A CD, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye maikuromita 1.6 ce. A DVD kuwa 0.74 ce, ƙasa da rabi. Maikuromita ɗaya ita ce idan an raba milimita ɗaya gida 1,000, don haka silin gashi guda zai rufe gomman layuka. Ramukan DVD ɗin ma sun fi gajarta. Shi ya sa CD yake ɗaukar megabait 700, DVD kuma gigabait 4.7, wato fiye da cikin CD 6.

Ƙaramin rubutu yana buƙatar haske mai tsini. Hasken da ke cikin na'urar CD tsawon zangonsa nanomita 780 ne, ya faɗa can gefen da idon mutum da ƙyar yake ganinsa. Na DVD nanomita 650 ne, ja ne sosai, kuma ɗigonsa ya fi ƙanƙanta. Idan ɗigon hasken CD ya sauka a kan DVD, sai ya hau layi fiye da ɗaya a lokaci guda, abin da ya dawo ya zama a cakuɗe. Kamar a ba ka taɓarya a ce ka nuna harafi ɗaya a cikin ƙamus. Sannan akwai zurfi. A CD, rubutun yana can kusa da saman da ake buga suna, haske sai ya ratsa kusan duk kaurin robar kafin ya kai gare shi. DVD kuwa faifai biyu ne sirara aka manne, kowanne milimita 0.6, rubutun yana tsakiya. Idon CD an saita shi ne ya ga wancan zurfin, ba wannan ba.

Don haka babu wata dabara, babu wata manhaja, babu wani gogewa da zai sa na'urar CD ta karanta DVD. Wani ɗan ajinmu ya ce a saka faifan a juye. Mun gwada don ya huta. Amma na'urar DVD tana karanta CD, domin an yi ta da haske iri biyu, ɗaya na wannan ɗaya na wancan. Sabuwa ta san tsohon faifai, tsohuwa ba ta san sabo ba. Ba laifinta ba ne. Kamfanonin Philips da Sony sun fito da CD a 1982, DVD kuma sai a 1996 ya fara shiga kasuwa a Japan, kuma an daɗe bayan haka ana sayar da kwamfutocin ofis da na'urar CD kawai don ta fi araha.

Za ku ce to me ya hana a sa Windows 7 a CD? Ba za ta shiga ba. Fayil ɗinta ya wuce gigabait 2, fiye da cikin CD 3. Windows XP da ta fito a 2001 a CD ɗaya take, kuma ita ce asalin abin da ke kan lamba 3. Daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, aka koma DVD, haka Windows 7 ta 2009. Abin bai tsaya nan ba. Fayil ɗin Windows 10 na baya-bayan nan da na Windows 11 sun fi ƙarfin DVD na gigabait 4.7 ma, sai mai hawa biyu da ke ɗaukar gigabait 8.5, ko filashi. Ɓangaren Linux ma haka ne. Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, shekaru da yawa tana shiga CD ɗaya, amma daga fitowar watan Oktoba na 2012 ta yi masa girma.

Maganin lamba 3 shi ne a canza mata na'ura. Malam ya kashe wuta, ya cire waya daga bango, muka buɗe waɗanda suka ƙone. Ta farko tana da na'urar DVD mai kyau, muka yi murna. Da muka je haɗawa sai muka ga bakin wayar bai yi daidai ba. Nata siriri ne, irin wanda ake kira SATA, wanda ya fara yaɗuwa wajen 2003. Lamba 3 kuwa waya mai faɗi take amfani da ita, mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, ana kiranta IDE. A ta biyu muka sami na'urar DVD mai bakin IDE. Akwai wata 'yar roba ƙarama a bayanta da ake matsarwa don a nuna ko ita ce ta farko a kan wayar ko ta biyu. Malam ya sa muka saita ta daidai da yadda ta tsohuwar take. Muka ɗaura, muka kunna, muka saka faifan nan da muka ce na jabu ne. Ya tashi.

Ga abin da za ku duba a goshin na'ura. Idan tambarin CD ne kaɗai, CD kaɗai take karantawa. Idan kun ga lambobi uku a jere, kamar 52X32X52X, tana rubuta CD ne, amma wannan ba ya nufin tana ganin DVD. Sai kun ga haruffan DVD da idonku. Akwai kuma wadda take rubuta CD ta karanta DVD amma ba ta rubuta shi, ita ma ta isa a ɗora manhaja da ita.

Lamba 6: tana ganin DVD, amma ba kowanne ba

Wannan ce ta fi ba mu ciwon kai, domin a goshinta an rubuta DVD ƙarara. Mai shago ya ce mu fara gwada ta da faifan fim na kamfani. Muka kawo, ta karanta shi da ƙyar, yana tsayawa yana tafiya. Malam ya ce ƙura ce a ido. Duk wanda ya shiga ɗakin kwamfuta lokacin hunturu ya san yadda ƙura take kwanciya a kan tebur ko da an rufe taga. Ya buɗe murfin na'urar, ya nuna mana idon, ɗan gilashi ne da bai kai ƙwayar wake ba. Ya goge shi a hankali da auduga mai tsinke. Bayan haka fim ya tafi sumul. Muka saka namu faifan, ta sake ƙi.

A nan muka koyi cewa faifan kamfani daban, faifan da aka ɗura a shago daban. Na kamfani a masana'anta ake buga shi da hatimi, ramukansa na gaske ne, kuma yana maido da haske sosai. Wanda ake sayarwa babu komai a ciki kuwa ba shi da ramuka. Wani rini ne aka shimfiɗa a ciki, leza ta ƙona ɗigo-ɗigo a jikinsa, ɗigon ya yi aikin rami. Ku juya faifai ku dubi cikinsa: na kamfani fari ne kamar azurfa, DVD na ɗurawa yana da launin shunayya, CD na ɗurawa kuma yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinariya. Tsohon ido da ya gaji yakan ga na kamfani ya kasa ganin na rini. Mafi wahalar gani shi ne wanda ake gogewa a sake rubutawa, mai alamar RW. CD-RW, wanda ya fito a 1997, hasken da yake maidowa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, shi ya sa yawancin na'urorin da aka ƙera kafin zuwansa ba sa karanta shi sam.

Amma matsalar lamba 6 ta wuce wannan. Mai shago ya ce mu dubi jikin faifanmu, bayan haruffan DVD wace alama ce, ƙari ko ragi? Muka duba, DVD+R. Ya ce mu dubi takardar da ke manne a jikin na'urar mu ga shekarar da aka ƙera ta. 2001. Ashe DVD na ɗurawa gida biyu ne, saboda kamfanoni sun rabu kowane ɓangare ya fito da nasa. DVD-R, mai 'yar sanda a tsakiya, ya fito a 1997 ta hannun kamfanin Pioneer. DVD+R kuwa sai a 2002, daga ɓangaren su Philips da Sony da HP. Na'urarmu ta riga DVD+R zuwa duniya. Kowane DVD yana da wata 'yar shaida a farkonsa da ke faɗa wa na'ura irinsa. Wasu tsofaffin na'urori idan suka ga shaidar da ba su sani ba sukan daure su karanta, wasu kuma su ƙi. Tamu tana cikin masu ƙi. Na'urorin da aka ƙera daga baya suna karɓar duka biyun, shi ya sa yanzu mutane ba sa ko duba alamar idan za su saya.

Muka sayi DVD-R guda biyu da ragowar kuɗinmu. Kuma da muka sayi biyu mun taimaki kanmu, domin na farko mu muka ɓata shi da hannunmu. Muka ce ba sai mun koma kasuwa ba, akwai kwamfutar ofis mai rubuta DVD. Muka ja fayil ɗin muka jefa shi cikin faifan kamar yadda ake jefa hoto ko waƙa. Ya ɗuru lafiya. Lamba 6 ta ga faifan wannan karon, amma ba ta tashi daga kansa ba.

Dalili: fayil ɗin da ake ɗora babbar manhaja da shi, wanda sunansa ke ƙarewa da ISO, hoton faifai ne gaba ɗaya, tun daga farkon layi har ƙarshe. A cikinsa akwai wani ɗan sashe da ke faɗa wa kwamfuta, "fara daga nan." Tsarin wannan sashe sunansa El Torito, kamfanonin IBM da Phoenix suka fito da shi a 1995, kuma ana ba da labari cewa sunan wani gidan abinci ne a jihar Kalifoniya ta Amurka inda injiniyoyin suka tattauna shi. Idan ka jefa ISO a faifai a matsayin fayil, ka sa buhu ne a ɗaure cikin rumbu. Kwamfutar da ba ta da babbar manhaja ba ta da hannun kwance buhu. Dole a zaɓi umarnin rubuta hoton faifai, wanda zai shimfiɗa kowane abu a gurbinsa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Buɗe faifan a kwamfuta mai aiki. Idan fayil ɗaya ka gani, an yi kuskure. Idan ka ga fayiloli da jakunkuna da yawa, an yi daidai. Kuma faifan R sau ɗaya ake rubuta shi, in ya ɓaci ya ɓaci. Namu yana rataye a ƙusa a ofishin ƙungiya.

Na biyun Malam ya tsaya a kanmu. Ya sa muka zaɓi gudu mafi ƙanƙanta da na'urar ta yarda da shi, 4X, maimakon 16X da ke rubuce a jikin faifan. Ya ce masu gyara sun saba yin haka idan tsohuwar na'ura ce za ta karanta. Ya kuma sa muka bar manhajar ta sake karanta faifan bayan ta gama, don ta tabbatar babu kuskure. Ya ɗauki lokaci, janareta yana ta shan mai, amma lamba 6 ta karɓa.

Lamba 9: faifai ba shi da laifi, na'ura ba ta da laifi

Ita wannan ba ta ko neman faifan. Kafin babbar manhaja ta tashi, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon kwamfuta, sunanta BIOS. Ita take da jerin wuraren da za a duba: a fara da faifai ko a fara da rumbun ajiya. A lamba 9 rumbun ne a farko, don haka kullum lalatacciyar Windows take tararwa ta tsaya a nan. Ana shiga BIOS ta danna wani maɓalli da zarar an kunna, yawanci F2 ko F10 ko Del, ya danganta da kamfani. Muka shiga muka sa faifai a farko. Washegari ta manta. Kwanan watan ma ya koma shekarun baya. Wani ɗan batiri ne mai kama da kwabo a kan allon, CR2032, shi yake riƙe mata waɗannan abubuwa idan babu wuta, kuma ya mutu. Muka ciro na wata ƙonanniya muka sa.

Sai faifan ya fara tashi, ya tsaya a hanya da saƙon kuskure. Malam ya duba ya ce ma'adanar aikinta, wadda ake kira ram, megabait 256 ce kacal. Kamfanin Microsoft ya ce Windows 7 tana buƙatar aƙalla gigabait 1, ninki huɗu ke nan. Duk abin da muka iya tsintowa daga ƙonannun wanda ya dace da raminta megabait 256 ne, ta zama 512. Har yanzu rabi. A nan muka gane cewa na'ura ta karanta faifai mataki ɗaya ne kawai, sai kuma kwamfutar ta iya ɗaukar abin da ke cikinsa. Akwai ma wani tarkon da muka tsallake ba da saninmu ba. Windows 7 iri biyu ce, mai bit 32 da mai bit 64. Tamu mai 32 ce. Da mai 64 muka kawo, tsofaffin ƙwaƙwalen Pentium 4 irin na ɗakinmu da ba su karɓe ta ba.

Wasu suka ce a mayar mata da XP kawai. Malam ya ce faifan makaranta na XP ya daɗe da karcewa. Sai ya kawo Puppy Linux, wata ƙaramar babbar manhaja da wani mutumin Ostareliya mai suna Barry Kauler ya fara a 2003. Kyauta ce, an yi ta ne don tsofaffin kwamfutoci, kuma tana shiga CD ɗaya har da sauran wuri. Ta tashi. Fuskarta ba irin wadda muka saba ba ce, kuma gaskiya ranar farko babu wanda ya so zama a kanta. Amma tana da wurin buga rubutu da wurin lissafi da wurin zane, madannai da linzami kuma duk ɗaya ne. A ganinmu wanda yake son hannunsa ya saba kafin jarrabawa bai kamata ya tsaya zaɓe ba. Yanzu ma ita ce ta fi saurin tashi a ɗakin.

Akwai gargaɗin da Malam ya ce lallai mu sa. Microsoft ta daina aiko wa XP gyaran tsaro a watan Afrilu na 2014, Windows 7 kuma a watan Janairu na 2020. Lamba 3 da lamba 6 ba a haɗa su da intanet ba, kuma ba za a haɗa ba. Kada kowa ya zo da filashi daga gida ko daga shagon tura waƙoƙi ya soka musu ba tare da izini ba. Idan cuta ta shiga, aikin nan duka sabo za a koma.

Game da kula da faifan kansa, a riƙe shi ta baki ko ta ramin tsakiya, kada a bar shi a rana ko a kan taga. In za a goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada a bi zagaye, domin karce da ya bi layi yana cinye rubutu mai tsawo a jere, wanda ya ratsa layi kuwa na'ura takan iya cike gurbinsa. A CD, saman da ake rubuta suna ya fi cikin saurin lalacewa tunda rubutun yana dab da shi, don haka kada a rubuta suna da biro, sai da maka mai laushin baki. In farantin na'ura ya maƙale da faifai a ciki, kada a ɓamɓare shi da wuƙa kamar yadda aka taɓa yi wa lamba 2. Akwai ɗan rami kamar na allura a goshinta. A kashe kwamfutar, a miƙar da ƙarfen maƙale takarda a tura a ciki, farantin zai fito.

Yanzu kwamfutoci 7 ne suke aiki, wato kusan mutum 10 a kan kowace ɗaya a ajinmu. Faifan DVD+R da na DVD-R da CD na Puppy suna cikin ambulan a durowar Malam, kowanne an rubuta lambar kwamfutar da ke karɓarsa. Mun kuma manna 'yar takarda a gefen kowace kwamfuta mai ɗauke da irin na'urar faifanta da shekararta da yawan ram ɗinta. Mun koma wajen mai shago mun faɗa masa yadda aka ƙare, ya ba mu DVD-R ɗaya kyauta a madadin wanda muka ɓata.

Na'urar faifan lamba 1 da ta lamba 5 su ma CD kaɗai suke karantawa, kuma na'urorin DVD masu bakin IDE sun ƙare a ɗakin. Duk wanda yake da tsohuwar kwamfutar tebur da aka jingine a gida, ya nemi izinin iyayensa, ya kwafo abin da ke rubuce a goshin na'urar faifanta, ya kawo wa Malamin kwamfuta ko kowane ɗan ƙungiya ranar Laraba lokacin tara.